Hotona Kusa da Ayaba

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ƙafar taki? Har yanzu tana hana ki yawon gulma?

Ni lafiya lau, kar ki damu. Sai dai angon nawa, jikana, shekara biyar bai ce uffan ba. Likitar magana ta ba shi allo mai hotuna, in ya danna kofi sai allon ya ce "ruwa". Ta ce mini, "Kaka, kin cika saurin ba shi, jira ya danna." Jiya na ɓoye kofin a bayana, yana kuka yana dukan kansa, ina tsaye ina kallo. Ni da na goyi yara takwas!

Sun sa hotona a allon, kusa da ayaba. Ayaba kullum ana danna ta. Ni kuwa shiru, ga takardar izinin zamana a ƙasar nan saura sati uku ta ƙare. Na ce uwarsa ta canza hoton, ƙila ɗankwalin ne bai yi masa ba. Ta yi dariya, ta shige banɗaki ta daɗe.

Ki sa mu a addu'a. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki