Takardar Ƙin Ciyar da Safiatu

Mount Hope, Bronx
Maris, 2016

Zuwa ga Alhaji Muniru, Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Yaya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi. Ka yi haƙuri da ajamin nan, shi kaɗai na iya, kuma maganar ba ta waya ba ce, don a waya kowa sai ya sa baki.

Ka ji cewa ƙanwarka Safiatu ta faɗi, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Daga asibiti aka kai ta inda ake koya wa mutum tafiya. Inshorar tsofaffi ta biya wajen wata uku, ta ce iyakarta ke nan. Sai 'yarmu Tahiratu ta zo da wata ma'aikaciyar wurin, suka zaunar da ni kamar yaro suna jera mini hanyoyi. Ko a bar ta a gidan tsofaffi, wanda suke kira nosin-hom. Ko ta dawo gida a riƙa turo mace mai jinya. Ko mu nemi gidan haya na tsofaffi mai lif, wanda layinsa ya fi sauran kwanakinmu tsawo. Kowace hanya kuɗi ce, kuma mai iya ɗaukar nauyin shi ne Medikeid, taimakon gwamnati ga marasa hali. Suka ce ni ba mara hali ba ne, tunda kuɗin shagon da na sayar a Fordham Road suna banki.

Tahiratu ta ja ni wurin lauya. Ya ce akwai mafita a dokar nan. A mai da kuɗin sunana ni kaɗai, sannan in sa hannu a takarda cewa ni Tamimu na ƙi ɗaukar nauyin matata. Daga nan gwamnati za ta ɗauka, ko da yake tana iya biyo ni daga baya. Na sa yarinyar ta fassara mini sau biyu. Na ƙi ciyar da ita, na ƙi yi mata magani. Haka aka rubuta.

Alhaji, kai ne waliyyinta. A gabanka na ɗauki ci da sha da sutura. Kuma ban manta ba, ranar da aka kai goro ka ce yaron mota na tashar Kejetia ba zai iya riƙe ƙanwarka ba. Ka faɗa a zaure, mutane suna ji. Ban taɓa tayar maka da maganar ba, amma tana nan. Yanzu da furfurata a ce in rubuta da hannuna cewa gaskiyarka ce? Na tura wa lauya alƙalaminsa na tashi. Gida zan kai ta, ni zan biya.

Ka gai da Hajiya da yara.
Naka,
Tamimu


Mount Hope, Bronx
Oktoba, 2016

Zuwa ga Alhaji Muniru.

Sallama da gaisuwa, da fatan an yi Sallah lafiya. Saƙonka ya iso ta bakin Tahiratu, wai in bi abin da masu ilimi suka ce. Na gode. Da ma na san ɓangaren da za ka tsaya.

Safiatu tana gida. Maza huɗu daga masallaci suka hau da ita bene na biyar a kan kujera, don gidanmu ba lif, kuma mai gidan ba ya gyara ko famfo. Tun ranar ba ta sauka ba. Na sa gadonta kusa da taga, tana kallon masu wucewa zuwa Grand Concourse. Maganarta ta yi nauyi amma hankalinta garau.

Na ɗauki mace mai jinya da kuɗina. Ta farko ta wuni a kan waya, na sallame ta. Ta biyu ta shigo mini da takalmi har kan darduma. Ta uku ba laifi, amma ta ce ba ta iya aiki ana tsaye a kanta, ta tafi da kanta. Yanzu ni ne mai juya ta, ni ne mai wanka, ni ne mai dama koko. Matar da ta sayar da wake da shinkafa ta haɗa mini kuɗin jirgi, ba zan ji ƙyamarta ba.

Tahiratu tana zuwa bayan aiki, ta yi wanki ta yi kuka. Tana yi mini magana da Turanci in ta fusata, ta san ban ji sosai. Wai bayana zai karye, kuɗi za su ƙare, mu rasa ko na haya, mu rasa na kai gawa gida. Wai kowa yana sa hannun nan, takarda ce kawai. Har liman ta turo mini, yaron da na ci naman sunansa. Ya ce ayyuka da niyya suke, Allah ya san ban ƙi ta ba. Na tambaye shi, in mutum ya rubuta saki ya ce wasa yake yi, ya saku ko bai saku ba? Ya ce ba ɗaya ba ne. To, ni dai ban yi karatu ba.

Gaskiya bayana yana ciwo, ban faɗa wa kowa ba sai kai. Kada ka gaya wa yarinyar.

Allah ya bar zumunci.
Tamimu


Mount Hope, Bronx
Fabrairu, 2017

Zuwa ga Alhaji Muniru.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da gida. Mu nan sai godiya.

Na san ka ji. Ina ɗaga ta daga bahon wanka bayana ya riƙe, ta suɓuce mini. Ƙashin ƙugunta ya karye. Bahon nan na sha gaya wa mai gidan yana da santsi. Aka yi mata aiki, likitoci suka ce bene na biyar ya ƙare mata, ko da mai jinya dare da rana. Tahiratu ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi faɗan ma da ya fi mini. A bakin wata mata a masallaci na ji ana cewa da na sa hannu tun bara, da masu jinya biyu gwamnati ta ba mu, da Safiatu tana bakin tagarta har yau. 

Aka kai ta nosin-hom, bas biyu daga nan. Kuɗin wata ɗaya a wurin, ban taɓa samun irinsa a wata uku ina shago ba. Duk da haka na ce zan biya har su ƙare. Tahiratu ta ajiye takardar lauyan nan a kan teburin gefen gado ta fita. Aka bar ni da ƙanwarka. Sai ta miƙo hannun hagu ta kama rigata.

Ka san tarbiyyar gidanku. Tun da aka kawo ta ɗakina ba ta taɓa kama sunana ba. Ranar ta kama.

Ta ce, "Tamimu, sa hannu. Ni na san wanda ya ciyar da ni."

Na sa. Sunan nawa ma ita ta koya mini zana shi da boko, shekarar da na buɗe shago.

Na ce wa raina takarda ta faɗi abin da take so. Kullum da safe ina dama koko mai citta, in zuba a fulas, in hau bas biyu, in ba ta da cokali. Haka muka yi har makon jiya. Ranar Talata na tarar sun sa mata roba a ciki. Sun ce haɗiya ta gagara, abinci yana bi mata ta huhu, kada a ƙara ba ta komai ta baki, ko ruwa. Na roƙi nas ɗin cokali ɗaya, ta ce a'a. Safiatu tana kallon fulas ɗin, ni ina kallonta. Na dawo da shi a cike. Washegari ma na dama, hannu ya saba. Na yau ma yana nan kan tebur ina rubuta maka.

Alhaji, ka ce ba zan iya riƙe ta ba. Shekara arba'in da ɗoriya ina jiran ranar da za ka janye maganar. Yanzu ba sai ka janye ba.

Ka sa a yi mata addu'a a masallacin unguwa. In sun tambayi wanda ke kula da ita, ka faɗa musu abin da ka ga dama.

Wassalam.
Mijin ƙanwarka,
Tamimu