Ƙara a Kan Raba Atu da Goyonta

Daga Liatu matar Habila,
Gozaki.
15 ga Nuwamba, 1965.

Zuwa ga Mai Girma Wakilin Lafiya,
Malumfashi.

Game da: Malam Bature mai duba jarirai, da hukuncinsa a kan yayar mijina

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi, a yi haƙuri da rubutuna, a aji uku na tsaya.

1. Atu yayar mijina ce, ta haura talatin. Haka Allah ya yi ta, gajera, ƙananan idanu, harshe da nauyi. Ba ta iya ƙirga ba, tunaninta a hankali yake tafiya, ban ɓoye ba. Amma ita ke goyon ɗana tun ran suna, kuma ko sau ɗaya ba ta manta lokacin kununsa ba. Waƙoƙin majami'a duk suna kanta.

2. Ran Alhamis 4 ga wata Malam Bature ya zo garinmu. Da ganin fuskarta sai ya ce zai gwada hankalinta. Gwajin kuwa, wai ta faɗi sunan yaron da ke bayanta. Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta yi shiru.

3. Ranka ya daɗe, sunan marigayi mahaifinta yaron ya ci, Istifanus. Wace 'ya ce za ta kama sunan ubanta a bainar jama'a? Baba take ce wa yaron. Ko 'yar talla ta san wannan, amma ban da malam mai farar riga da biro biyu a aljihu. Nan take ya yanke cewa wadda ta manta sunan yaro za ta manta shi a gona, ya sa mai gari ya hana a ba ta shi.

4. Mijina ya ji tsoron hukuma, ya bi. Yanzu da goyo nake tsinkar auduga, Atu kuwa tana ƙofar ɗaki da majanyi a cinya, tuwo ma sai an lallashe ta.

5. Ga kuma labarin da ya hana ni zama. Jiya Lahadi ɗana ya yi magana! Kalmarsa ta fari ke nan a duniya. Bai kira ni ba, bai kira ubansa ba. Rarrafe ya yi ya kama zanenta, ya ce Atu, kowa ya ji.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a janye wannan hukunci a rubuce. In kuma Malam na son wani gwajin, ya zo ya gwada ɗauke yaron daga jikinta.

Ni ce mai biyayya,
Liatu Habila