Kada a Kunna Kwamfutar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau. Baba yana cin abinci sosai, hannun damar ne dai har yanzu shiru, bakin ma haka.

Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya, kuma yau ina da abin faɗa. Raina a ɓace yake, Yaya, kuma da kai nake.

Ka sani, tun da ɓarin jikin Baba ya shanye maganarsa ta ɗauke, abu ɗaya ne ke sa shi motsa baki, wato muryarsa ta da. Hirarrakin nan da na riƙa ɗauka a kwamfutar falo kafin ciwon, yana ba da labarin shagonsa na kafinta, da gadon da ya ƙera wa Mama ya ƙi shiga ƙofa sai da aka cire taga. Malamar asibiti mai koya masa magana ta ce in dinga kunna masa kullum. In na kunna da yamma sai ya kafe sifika da ido, leɓensa yana bin maganar. Makon jiya saura kaɗan ya ce "katako", har na yi ƙwalla.

To, da aka ɗauke wuta kwamfutar tana aiki, ta dawo da shuɗin allo tana cewa wasu fayilolin da take tashi da su sun lalace, wa na kira? Kai. Don kai ka sayo ta, kuma kai ne Injiniyan gidanmu tun ranar da ka kwance rediyon Baba kana yaro, rediyon da bai sake tari ba har yau. Na karanta maka zaɓi biyun da ta nuna. Na gaya maka na ƙasan yana maganar goge komai. Ka ce ai tsoratarwa ce kawai, in danna, kana tuƙi. Na sake tambaya, ka ce haba Auta, sai ka ce yau na fara ganin kwamfuta. Na danna.

Ta tashi kam, tas da ita, kamar yau aka ɓare ta daga kwali. Ba hira ko ɗaya. Na buɗe nan na buɗe can. Baba yana kan kujerarsa yana jira, yana duban sifika yana dubana. Kada ka tambaye ni me ya sa ban ajiye kwafi ba. Faifan ajiyar da ka ce za ka kawo tun bara yana nan a bakinka.

Na je wurin mai gyaran nan, matar da ke da shago kusa da mai sayar da fenti. Ta ce da an kawo mata tun tana shuɗin allon, da ta fara kwashe hirarrakin gefe, sannan ta maye lalatattun fayilolin da masu kyau, shi ke nan. Amma ta ce ban makara ba. Wai abin da aka goge yana nan kwance a faifan cikin kwamfutar, sunansa kawai aka share, kamar ɗakunan da aka cire wa lamba amma kaya na ciki. Sai an zuba sabon abu ne yake hawa kansa ya danne shi. Na'urar da take kwaso irin wannan tana kan aikin wani, ta ce in kawo farkon mako.

Saboda haka ka ji da kyau. Na kashe kwamfutar, na zare wayarta, na rufe ta da zane. Kada a kunna, kada a zuba mata komai, ko hoto ɗaya. Ba na neman ka yi komai. Rashin yin komai ɗin nake roƙo.

Ka gaida Anti da yara. Allah Ya bar zumunci, ko da yake yau da ƙyar na rubuta hakan.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa, don Mama ta hore mu da gaisuwa ko ana faɗa. Ina fata kowa lafiya. Baba yana nan, sai dai ya rage cin abinci.

Tambaya ɗaya gare ni: ka karanta wasiƙata har ƙarshe kuwa? Ko kuwa da ka ga inda na ce raina a ɓace yake sai ka ninke ta ka shiga neman yadda za ka wanke kanka?

Na kai Baba asibiti motsa jiki. Muna dawowa na tarar da zanen a ninke kan kujera, kwamfuta a kunne, Anti zaune gabanta tana murmushi. Ta ce kai ka aiko ta da fulash, ɗan abin nan na kwafo fayiloli, ka ce tunda an rasa abin da Baba ke saurare, a cika masa ita da abin kallo don ya ɗebe kewa. Bidiyon yaye ɗanka daga makaranta, da na buɗe sabon shagonka, da na tafiyarku bakin teku, da wasannin ƙwallo, sai da faifan ya ce ya ƙoshi. Abban yara, mijina, shi ne ya buɗe mata ƙofa, shi ma na gama da shi. Ya ce ya ga saƙo daga babban wa ne, ina shi ina hanawa.

Wallahi sai kawai na zauna a ƙasa. Anti baiwar Allah ta zaci daɗi ne ya kashe ni, har tana cewa ai ka kwana biyu kana tattarawa. Ban ga laifinta ba, aike aka yi mata. Da na yi mata bayani sai ta dafe ƙirji ta fara kuka, na koma ni ce mai rarrashi.

Abin da ya fi ƙona min rai, na san da zuciya ɗaya ka yi. Kullum haka kake. Ba ka zuwa, sai dai ka aiko. Baba ya kwanta, ka aiko da keken guragu. Ya kasa barci, ka aiko da katifa. Yanzu muryarsa ta ɓata, ka aiko da taka ta hau kanta. Na kunna masa bidiyon shagon don kada wahalar Anti ta tashi a banza. Kana ta jawabi da almakashi a hannu, shi kuwa leɓensa ko motsi. Can sai ya juya fuska bango.

Na naɗe kwamfutar a zanen na kai wa mai gyara da kaina. Da ta ga yadda faifan ya cika sai ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce za ta bar na'urar ta bi faifan lungu-lungu, amma kada in sa rai.

Don Allah, don darajar iyaye, kada ka aiko da komai. Kada ka kira ka ba ni wata dabara. Ka gaida Anti, ka ce mata ban riƙe ta ba.

Auta

Zuwa ga Yaya Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku. Na ga kiranka, da gangan ban ɗauka ba. Sabuwar kwamfutar da ka aiko tana nan a kwalinta bayan ƙofa, mun gode, ba ta san Baba ba.

Mai gyara ta gama. Ta zaunar da ni, ta sa min abin ji a kunne, muka bi abin da aka tsamo ɗaya bayan ɗaya. Fayilolin ba suna, sai lambobi. Wannan ka buɗe sai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Wancan Baba zai fara "wato a shekarar da", sai ihun 'yan kallon ƙwallo ya haɗiye shi. Labarin gadon Mama ya tafi. Na ranar da aka haife ka ya bar aiki ya manta tukunyar gam a kan wuta, shi ma ya tafi. Ban taɓa gaya maka akwai shi ba, na so ne ka zo ka ji da kunnenka.

Ɗaya tak ya fita lafiya, kuma ba hira ba ce. Gwajin da muka yi ne ranar farko, lokacin ban iya saita abin ɗaukar magana ba. Ana jin ƙarar fanka, ana jin ina mita. Baba ya yi gyaran murya, ya ƙwanƙwasa teburin nan da ya ƙera da hannunsa, ya yi dariya, sannan ya ce: "Auta, bar wahalar da kanki. Kira min Injiniya, shi ya san kan abin nan."

A shagon na yi dariya, dariyar takaici, har mai gyara ta tsorata. Duk cikin abin da Baba ya faɗa a duniya, wannan ne ya ga damar tsira!

Na yi niyyar ba zan kunna masa ba, don haushinka. Amma da yamma ta yi ya fara duban sifika, ba ni da wani abin ba shi. Na kunna. Ya saurara, leɓensa ya bi. Ya ɗaga hannun hagu alamar in sake. Na sake, na kuma sakewa. Sai ya daina duban sifikar, ya koma duban ƙofar falo. Tun ranar haka yake yi. In an taɓa ƙofa ya ɗago, in ya ga Abban yara ne ko ni sai ya mai da kai. Jiya malamar asibiti ta ji ya fitar da "In", ya tsaya, ya sake cewa "In". Ta tambaye ni me yake son faɗa. Na ce mata na sani.

Ban huce ba, Yaya, kada ka ɗauka na huce. In ka zo sai na faɗa maka sauran a gabanka, kuma wannan karon za ka bari in kai aya. Amma kada ka aiko Anti, kada ka aiko direba, kada ka riƙo komai a hannu. Kujerar da ke kusa da tasa babu kowa a kai.

Baba ya ce in kira masa kai. To, na kira.

Ƙanwarka,
Auta