Ƙorafi Kan Mayar da Hutun Kwana Huɗu Ziyarar Ɗalibai

Daga: Malamin Labarin Ƙasa, Makarantar Sakandare ta Bayan Tasha.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta, Sashen Kula da Ma'aikata, Hukumar Makarantu.

21 ga Yuli, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: IZININ FITA WAJE DA AKA NEMA TUN 3 GA MARIS

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan Allah ya ƙara wa Darakta lafiya da haƙurin karanta takardu, mai ƙorafi na roƙon izinin gabatar da kukansa kamar haka:

1. Shekara ashirin da bakwai ke nan mai ƙorafi yana koyar da labarin ƙasa. Ya zana Kudancin Amurka a allo har allon ya haddace ta, alhali tafiya mafi nisa da ya taɓa yi ita ce ta'aziyyar surukinsa. A watan Janairu likita ya shaida masa cewa hawan jinin ido ya cinye na hagu, na dama kuma yana bin sahu, don haka in akwai abin da yake son gani, ya hanzarta. Jin haka babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta yankar masa tikitin jirgi zuwa birnin Kito da ke Kudancin Amurka, ranar 14 ga Agusta, lokacin hutun makaranta. Kwana huɗu ne kacal, kuma tikitin ba irin wanda ake ɗaga ranarsa ba ne.

2. Ranar 3 ga Maris ya nemi izinin fita waje, kamar yadda doka ta ɗora wa kowane ma'aikaci. A nan mai ƙorafi ya amsa laifinsa: bai iya tsara komai ba sai da siffar darasi. Ko cefane matarsa ta aike shi, sai ya rubuta manufa. To, tsarin tafiyar da ya haɗa da takardar ya fito da Manufa, Kayan Aiki, Gabatarwa da Auna Fahimta: ranar farko tsohon gari, ta biyu hawan dutse, ta uku zuwa layin da ya raba duniya gida biyu, a tsaya ƙafa ɗaya a arewa, ɗaya a kudu. Ajin da aka shirya wa wannan darasi mutum ɗaya ne, mai shekara hamsin da huɗu da tumbi.

3. Akawun da ya karɓa ya ga tsarin darasi, ya buga hatimin Ziyarar Ilimi, ya tura fayil ɗin Kwamitin Ziyarce-ziyarcen Ɗalibai, wanda ke zama sau biyu a shekara in Allah ya kawo mambobinsa.

4. Ranar 28 ga Afrilu kwamitin ya amsa, yana neman sunayen ɗalibai, da yardar iyayensu, da malamar da za ta raka 'yan mata, da shaidar lafiyar motar bas. Mai ƙorafi ya rubuta cikin ladabi cewa babu ɗalibi ko ɗaya, kuma akwai teku a hanya. Aka liƙa amsar a fayil ɗin, aka rubuta a gefe cewa bayani bai cika ba.

5. Daga 5 ga Mayu zuwa yau sau bakwai yana zuwa ofishinku. Bencin bakin ƙofa, mai ƙafa uku da bulo, ya san shi. An sanar da shi cewa hatimi ba ya sokuwa sai a hannun wanda ya buga shi, wanda ya buga shi kuma an yi masa canjin wurin aiki. Sabon akawun ya tausaya ƙwarai, har ya yaba da kyan tsarin, ya nemi kwafi don ƙanwarsa mai koyon malanta.

6. Ranar 2 ga Yuli, maimakon izini, sai takardar tuhuma ta iso, tana tambayar dalilin da ya sa mai ƙorafi ke shirin fitar da 'ya'yan mutane ƙasar waje ba da sanin iyayensu ba. Zance ya fasu. Ɗalibai goma sha ɗaya sun kawo sunayensu, wani uba ya zo da sanda, abokan aiki kuma in ya shiga ɗakin malamai sai su tambaye shi ko bas ɗin ta iya iyo.

7. A gida, akwatin da aka aro yana kan kujera tun watan Afrilu, da rigar sanyi a ciki. Matarsa ta daina tambaya, wanda ya fi tambayar ciwo. 'Yarsa kuwa kullum ta kira, ce mata yake ana kan aiki. Bai saba yi mata ƙarya ba, ranka ya daɗe.

Saboda haka mai ƙorafi na roƙon Darakta ya soke hatimin nan da hannunsa, ya janye tuhumar, ya sa hannu a izinin kafin 14 ga Agusta. Ya san kwamitin ba zai sake zama ba sai Oktoba, ya kuma daɗe a aikin nan har ya san yadda kwana ashirin da huɗu suke a idon ofis. Idan hakan ba za ta yiwu ba, ba komai, ya gode. Yana dai roƙon a buga amsar da manyan haruffa, domin yana so ya karanta ta da kansa.

Da dukkan girmamawa da biyayya,

Naka mai ladabi,

(sa hannu)

Malamin Labarin Ƙasa,
wanda ɗalibai ke kira Malam Taswira.