Dutsen da ka aiko mini

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya sanyin duwatsun Abzin? Ina fatan kana lafiya, kai da abokan haƙarka. Mu nan Kwaya lafiya lau, matarka da yara ma haka, sai dai hankalinmu a tashe yake.

Dutsen nan da ka aiko ne ya jawo. Direban da ka ba wa ya miƙo mini shi a gaban jama'a, ƙunshe cikin tsumma, ya ce daga wajen masu haƙar zinariya. Ka san ƙasarmu rairayi ce, duk dutsen da ya fito arewa zinariya ce a wurinsu. Kafin la'asar magana ta kai Dungas.

Kawunka ya kai wa wani maƙeri a Magarya. Ya jefa shi cikin ruwa, ya taso sama. Ya ce kumfar dutse mai aman wuta ce ta daskare tun zamanin da, kaushi ake gogewa da ita. Sai na tuna fasona da kake yi mini faɗa a kai.

Amma wa zai yarda? Jiya wasu baƙi biyu suka zo kan moto suna tambayar gidan mai zinariya. Yanzu a ƙofar gida nake goge ƙafa da shi, kowa ya gani. Sai suka ce wai arziki ne ya yi mini yawa, har nake goge ƙafa da zinariya!

Ka sa mu a addu'a, ka gaida 'yan garinmu. Kada ka sake aiko komai. Ka dawo hannu rabbana, da rana tsaka, kowa yana kallo.

Innarka