Gidajen da Suka Ƙirga da Dami

Babankatami, ranar Talata

Zuwa ga ƙanwata Nasiba,

Bayan gaisuwa da fatan kina lahiya. Mu dai ba mu lahiya. An karanta sunayen garuruwan da za a ba irin shuka bana, babu ƙauyenmu ciki. Wai takardar biro, ofishin da kike aiki, ta ce mun yi hatsi isasshe bara. Mi munka samu? Ke kinka ga rumbuna da idonki da Sallah. Kuma kowa ya san ke ka yin lissahin nan cikin odinater, wato kwamfuta, a Madawa. Inna Cima ta ce in tambaye ki ko mun yi miki wani laihi. Ni ban iya zama majalisa yanzu don kunya. Ki ba ni amsa kahin ruwa ya sauka.

Yayanka mai jira,
Mutari

Madawa, ranar Jumma'a

Yaya Mutari,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Wasiƙarka ta ɓata mini rai ƙwarai. Ni zan cire garin ubana? Garuruwa tamanin da ɗaya na lissafa, duk hanya guda. Masu zagaye suka kawo adadin girbin kowane gida, porogaram ya haɗa, ya fitar da matsakaici. Bai san sunan kowa ba, balle ya yi gaba da ku. In kun yi wa masu zagaye fankama, ku tuhumi bakinku.

Allah ya huci zuciyarka.
Nasiba

Madawa, ranar Litinin

Yaya,

Gaisuwa, kuma ka yafe maganar fankama. Ban samu sukuni ba, sai na koma na duba. Akwai wani ɗan fayil da muke kira jurnal. Layi uku ne na sa cikin porogaram don ya riƙa rubuta duk abin da ya yi, da lokacin da ya yi shi. Tun watan girbi yana rubutawa, ni ce ban taɓa buɗe shi ba, tunda aiki ya ƙare ba gardama.

Ga abin da na tarar: "Ƙarfe goma da minti arba'in. An jefar da gida sittin da uku, ba a gane ma'auninsu ba." Ku kun faɗi girbinku da dami, kamar yadda kuka saba, shi kuwa kilo kaɗai ya sani. Sai ya bar gida huɗu da suka ba da kilo, su Alhaji Bilal masu sayarwa a buhu, ya auna garin duka da su.

Haushin kaina nake ji, Yaya. Ya gaya mini, ni ce ban karanta ba. Na kai wa shef, shugaban ofishinmu, jurnal ɗin da gyara. Ya yi faɗa, ya sa hannu, amma ya ce motar iri sai bayan sati biyu.

Ƙanwarka,
Nasiba

Babankatami, ranar Lahadi

Nasiba,

Muna gaishe ki. Ruwa ya sauka shekaranjiya, maƙwabta sun shuka, mu muna kallon hanya. Na ciro dami guda daga rumbun Inna, cikin huɗun da sunka rage, na ba direban motar kasuwa ya kawo miki. Ba na ci ba ne. Ki aje shi gaban odinater ɗinki, ku dube shi ku biyu har ku gane shi.

Sai mun ga mota.
Mutari