Ku Raba Layin Inna da na Masu Awon Ciki

Zuwa ga Babban Likita, shugaban asibitin da mahaifiyata take zuwa a nan Abuja.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya aiki, ya fama da jama'a? Sunana Nafi'u, ina haɗa tagogin alminiyom a Kubwa. Ban ambaci sunan asibitinku ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. In ka karanta za ka gane gidanka.

Inna ta haura sittin, ta daɗe da daina al'ada, mahaifinmu kuma ya rasu. Ciwon mara ya kai mu wurinku. Aka yi mata sikanin, aka ce akwai 'yar jakar ruwa a gidan ƙwanta. Likitar da ta duba ta, baiwar Allah mai haƙuri, ta ce irin wannan yawanci ba ya zama komai, ba sai an yi aiki ba. Sai dai a riƙa dawowa bayan 'yan watanni ana sake hoto da gwajin jini, don a ga ko ta girma ko ta sauya kama. Na bi na karanta abin da na samu a kai, na tarar gaskiya ta faɗa. Maganin Inna kenan: ta riƙa dawowa. To, ta ce ba za ta koma ba, kuma ku kuka ja.

Na farko. Na'urar hotonku ɗaya ce, kun kuma sa ranar Inna ta faɗo ranar awo. Aka zaunar da ita a benci ɗaya da yara masu cikin fari, sa'o'in jikokinta, kowa da robar ruwa a hannu. Ma'aikaciya ta leƙo tana kiran “masu ciki ku matso”, har da Inna a ciki. Ana haka sai ga maƙwabciyarmu Maman Ladi ta kawo surukarta. Ta ce, “Hajiya, ashe za mu sha suna?” Wallahi wasa take, mutumiyar kirki ce. Inna ma ta yi dariya. Amma kafin sati ya zagayo, wasan ya zaga layinmu har wurin mai nika. Matar da mijinta yake ƙasa, ranka ya daɗe! Ku a wurinku layi layi ne.

Na biyu, wanda ya fi ci mini rai. Likitar ba ta jin Hausa sosai, sai ta ce in shigo in yi tafinta. Ni ne ɗan fari. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, “yaron nan” take cewa. Ni aka sa in tambaye ta yaushe al'adarta ta ɗauke, ko tana ganin jini, ko cikinta na kumbura. Ta kafa ido a ƙasa, duk abin da na tambaya sai ta ce, “Ba komai.” Na fassara, likita ta rubuta. Abin da ke cikin fayil ɗinku ba amsar Inna ba ce, kunyarta ce.

Ban ga laifin likitar ba. Na ga taron da ke bakin ƙofarta, ko ruwa ban ga ta kurɓa ba. Amma garin nan kullum sabon bene ake ɗagawa, ni nake sa wa wasu tagogi. A ce cikin wannan yalwa an rasa benci guda da labule don iyayenmu? Haba, oga.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Kwanan nan Inna ba ta cinye tuwonta, loma kaɗan ta ce ta ƙoshi. Na lura tana yawan sassauta ɗaurin zaninta. A abin da na karanta, irin waɗannan alamu ne ake so mace ta gaya wa likita da wuri. Wataƙila ba komai ba ne, Allah Ya sa haka. Amma ni ba zan iya tambayarta ba, ita ba za ta gaya mini ba, ku kuma da ya kamata ku ji ta daina zuwa wurinku.

Roƙona kaɗan ne. Ku ware wa matan da suka manyanta ranarsu, ko da safiya ɗaya ce, daban da ta awo. Ku daina sa ɗa namiji tafinta tsakanin uwarsa da likita. Cikin ma'aikatanku akwai mata masu jin Hausa, 'yan Filato da kudancin Kaduna, na ji suna hira da Hausa a baranda. Kuma wadda ta daina zuwa, a kira ta a waya a ji dalili.

Na sa ƙanwarta, Inna Hajara, ta lallashe ta. Da ƙyar ta yarda za ta zo Talata mai zuwa, bisa sharaɗin ba za a zaunar da ita cikin sa'o'in jikokinta ba. Na ce an gyara. Ban san ko an gyara ba, ranka ya daɗe, kada ka bari in zama maƙaryaci a wurin uwata. Zan kawo ta, in tsaya a bakin get. Ku samo mace guda ta rufe ƙofa, ta tambaye ta a hankali me ya sa ba ta cinye tuwonta.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya saka wa ma'aikatanka, Ya ba naka iyayen masu rufa musu asiri.

Wassalam.

Nafi'u, Kubwa.